Rasuwar Durowa, Sifikar da Ake Ji da Tafin Hannu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa yau sati shida ke nan, Auta mai haɗa sauti yana sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da maƙwabtan da suka daɗe suna haƙuri da ƙararta, rasuwar tsohuwar sifikarsa, wadda kowa ya fi sani da Durowa. Ta cika ne wata ranar Lahadi da la'asar, a kan teburin katakon da ta saba zama, cikin ɗakin aikinsa da ke bayan gida. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku a aikin sauti, ban da shekarun da ta yi kafin nan tana ajiyar zare da allura.

An saba a irin wannan sanarwa a ce mai rasuwa ya tafi bayan gajeriyar rashin lafiya. Auta ma haka ya fara rubutawa. Ya zauna ya ƙura wa layin ido, sannan ya goge. Marigayiya ba ta taɓa kwanciya ciwo ba ko na yini ɗaya, kuma ranar da ta tafi garau ta tashi. Yadda aka yi zai zo a ƙasa, ba za a ɓoye komai ba a wannan karon. Mai sanarwa dai yana roƙon a bar shi ya fara da alherinta, ko ya samu ya tattara 'yar jarumtar da ta rage masa.

An haifi Durowa a shagon Yaya, wan Auta uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran rediyo da talabijin. A lokacin Auta ya samo wani ɗan fiyanon lantarki na hannu, madannai biyu a karye, muryarsa ba ta fi ta sauro ba. Ya addabi gida da cewa da zai sami sifika da duniya ta san da zamansa. Yaya ya miƙe. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsu, ya zaro durowar ƙasa ta kabad ɗinta, ya juye zare da maɓallan riga a kan gado, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita. Da yamma ya dawo da ita. Ya fafe ƙasanta, ya dasa sifikar da ya ciro daga ƙofar wata matacciyar mota, ya rufe bakin da falanki, ya lulluɓe fuskar da baƙin yadi. Hannun tagullar da ake jan ta da shi bai cire ba, ya ce ai za a buƙaci abin ɗauka. Mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, ta tsaya ta kalli kabad ɗinta ya zama mai giɓi, ta ce 'ya'ya biyu Allah ya ba ta, ɗaya ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale, ɗaya ba ya jin gida shiru ya ƙyale. Ba ta nemi a mayar mata ba. Kabad ɗin yana gidan Yaya har gobe, giɓin kuma yana nan yadda yake.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da abu biyu, rashin kyau da faɗin gaskiya. Baƙo in ya shigo ɗakin yakan ɗora mata hula ko makullin mota, don bai ɗauka tana da aiki ba. In an kunna ta sai ta fara da gyaran murya, huuum, kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. In kiɗa ya sauka ƙasa ya yi nauyi, hannun tagullar nan ya ɗauki rawa ke nan, kirrr, sai an danne shi da yatsa. In an kashe ta ta ce tak, sau ɗaya, ba ja-in-ja. In kuma ta daɗe tana aiki ta yi ɗumi, sai ta fara fitar da ƙanshin kafur na kayan mahaifiyarsu, shekara ashirin da uku bai ƙare ba.

Masu haɗa sauti suna da wata ɗabi'a da bare ba zai gane ba. Komai kyan kayan aikin mutum, sai ya ajiye wata mummunar sifika a gefe yana gwada aikinsa a kanta, don jama'a ba a ɗakin haɗa sauti suke jin waƙa ba. A mota suke ji, da waya, da rediyon shagon aski. Abin da ya yi daɗi a bakin mummuna zai yi daɗi ko'ina. To Durowa ko a cikin munanan ta yi fice. Auta zai kwashe sati yana jera kiɗa a kan kiɗa, yana jin ya gina bene, ya saka mata, ta maido masa da shi a cakuɗe kamar ana jan kujeru a ɗakin sama. Ya sha zaginta. Ya sha ce mata akwatin zare, ya sha rantsuwa gobe za ta kwana a bola. Amma bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Sai dai ba don wannan ake kukanta ba. Munanan sifiku sun cika kasuwa.

Shekara tara da suka wuce Yaya ya yi wani zazzaɓi mai tsanani. Ya tashi, jinsa bai tashi tare da shi ba. Kunnen dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi bayansa cikin wata biyar. Mutumin da yake gane ciwon rediyo daga tarinta tun mai ita bai gama sallama ba, ya koma gyara da mita da ido da hanci. Magana bai daina ba, sai dai ya koma yin ta ƙasa-ƙasa, don tsoron kada ya riƙa yi wa mutane ihu bai sani ba. Abin da za a faɗa masa kuwa sai a rubuta, ko a tsaya a gabansa a faɗa a hankali ya karanta a leɓe. Auta ya daina saka kiɗa in Yaya ya zo gidan, yana ganin kara ce yake yi masa.

Wata Lahadi Yaya ya shigo ɗakin ana cikin aiki, Auta bai ankara ba. Yaya ya dafa Durowa don ya zauna, sai ya tsaya cak, hannunsa a jikinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce gangar nan tana riga sauran kayan shiga, a ja ta baya kaɗan. Auta ya duba a kwamfuta ya tarar haka ne.

Katakon durowa siriri ne, ba don sauti aka yi shi ba, shi ya sa duk abin da ya ratsa ta sai jikinta gaba ɗaya ya ɗauka. Abin da masana za su kira aibinta shi ya zama kunnen Yaya. Tun daga ranar, kowace Lahadi da rana zai rufe shago ya taho. Malama, matar Auta, ta kawo masa shayi, ya ja kujerarsa ta ƙarfe, ya ɗora tafin hannun dama a kan marigayiya, ya lumshe ido. In abu ya yi, ya gyaɗa kai. In bai yi ba, ya ɗage hannun ya goge a wando. Waƙar da aka goge wa hannu ba ta fita daga ɗakin, komai matsin wanda ya ba da aikin. A hankali fentin wurin ya koɗe ya bar siffar yatsu biyar, babban yatsan a ɗan karkace kamar na mai shi.

Sharaɗi ɗaya Yaya ya kafa. Ya ɗiga jan fenti a jikin amfilifaya, na'urar da ke tura mata sauti, daidai inda abin murɗa ƙara zai tsaya, ya ce tsohuwar ba ta ɗaukar fiye da nan, irin sifikar da ke cikinta kuma an daina yi tun tuni. Shekara tara Auta bai tsallake ɗigon ba.

Sai ga albam. Shekara uku Auta yana fama da shi. Ya gaji da kiɗan tallar sabulu da na tallar katifa, yana so ya yi abin kansa ko sau ɗaya: waƙa tara, ba mawaƙi ko guda, inda kiɗan fim da na babbar tawagar makaɗa da na rawa za su zauna wuri ɗaya ba faɗa. Masu goge arba'in, masu busa ƙaho goma sha biyu, dukkansu a cikin kwamfuta suke, ba mai neman ruwa ba mai makara. A ƙarƙashinsu gangar lantarki tana tafe, dum, dum, dum. Akwai waƙar da za ka rantse ana tsere da mota a kan gada, akwai wadda za ka ce jirgin ruwa ne yake barin gaɓa da wanda kake so a ciki, kafin ka gama tausayin kanka ƙafarka ta fara rawa. Malama takan ce fim ne na makafi. Auta ya ɗauki wannan a matsayin yabo.

Saboda albam ɗin ne ya kawo sababbin sifiku biyu, manya, baƙaƙe, masu sheƙi. Yaya ya dafa su ranar da aka kawo, kiɗa na tashi, ya ce kamar ka dafa bango. Dama haka ake yin su, jikinsu ba ya motsi. Su kuwa tun da suka zo ba su taɓa cewa wani abu bai yi ba. Komai Auta ya saka musu sai su fito da shi fes kamar an wanke an goge. Shi kuma, ɗan Adam, ya fara jin cewa su ne suka fahimce shi.

Waƙa ta farko ita ce 'yar lelensa. Minti huɗu cur goge ne kawai, siriri, yana tasowa a hankali kamar wayewar gari a farkon fim, ba ganga, ba komai a ƙasa, sai a minti na biyar kiɗan rawa ya faɗo. Ya yi ta ne yana tunanin mahaifiyarsu, bai gaya wa kowa ba. Sau biyu Malama ta tarar da shi yana share ido a kanta, ya ce fanka ce.

Ranar da zai gabatar da aikin, Lahadi, har sabuwar riga ya sa. Yaya ya zauna, ya ɗora hannu, ya lumshe ido. Auta ya danna. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Siririn sauti irin wannan ba ya girgiza katako, Auta kuma ya san haka sarai, sana'arsa ce. Yaya ya buɗe ido ya dube shi.

"Ka kunna kuwa, Auta?"

Auta ya gyaɗa kai, ya nuna masa layukan da ke gudu a fuskar kwamfuta. Yaya ya sake lumshe ido ya ɗan jira, sannan ya ɗage hannun. A faɗi gaskiya, bai goge a wando ba. Shayinsa ya ɗauka, ya ce in an zo wajen ganga a taɓa shi. Sauran takwas ɗin ya ji su duka, ya gyaɗa kai a bakwai, ya ce ta biyar ta cika tsawo. Da zai tafi ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce aiki ya yi kyau. Auta bai ji wannan ba. Kunnensa lafiya lau, amma abin da ya ji duk yinin shi ne ka kunna kuwa.

Ya raka shi bakin ƙofa ya dawo. A nan ne mai sanarwa ya so ya ce ƙauna ce ta sa shi, wai so yake ɗan'uwansa ya ji abin da ya yi wa mahaifiyarsu. Akwai wannan a ciki, amma bai kai rabi ba. Sauran duk haushi ne. Haushin kurma ya sha shayi a kan aikinsa na shekara uku, da haushin akwatin zare ya ƙi faɗar abin da manyan sifiku suke faɗa. Ya zauna ya shimfiɗa wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashin gogen, irin mai zurfin nan da ake ji a ƙirji kafin kunne, wanda yake kaɗa kujera a sinima. Ya ɗora nasa hannun a kan siffar yatsun Yaya da ke jikin Durowa. Ta ɗan motsa. Ya murɗa har bakin ɗigon, hannun tagulla ya fara kirrr. A shaide ta, ta yi gargaɗi. Sau biyu ta yi shi da wata shaƙaƙƙiyar murya, gurrr, gurrr, wadda bai taɓa ji daga gare ta ba. Ya kalli jan ɗigon da idonsa biyu, ya ce mata yau sai ta faɗa, ya wuce shi.

Daƙiƙa huɗu ko biyar ta yi tana faɗa. Jikinta ya ɗauka, tebur ya ɗauka, kofin da Yaya ya bari ya yi tafiya har bakin tebur. Sannan ta ce fat. Wani siririn hayaƙi ya fito ta cikin baƙin yadin, ɗakin ya cika da ƙauri, da ɗan kafur a ƙarshensa. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Babu huuum.

Da a nan abin ya tsaya, da sanarwar nan ta fita washegari, kuma da ba ta wuce layi biyar ba. Mutum ya ɗauki gawa ya kai wa wanda ya haɗa ta, ya ce na yi laifi, shi ke nan. Shagon Yaya tafiyar minti goma ne a ƙafa. Auta sai ya buɗe taga, ya kunna fanka, ya fesa turaren ɗaki. Kwana uku yana yawon shagunan kayan lantarki, ana ce masa irinta sai dai a tarihi. Wadda ya samu mai kama da ita ya auna, ramin ya fi ta faɗi, kuma ya san ko ta shiga Yaya zai gane liƙin dalmar da ba nasa ba. Malama ta ce ya je ya faɗa. Ya ce zai je. Ta ce yaushe. Ya ce ta bar shi ya nemo ta inda zai fara. Ta ce takarda da biro suna kan firij.

Lahadi ta zo ba ta jira shi ba. Yaya ya tsaya ɗan jim a bakin ƙofar ɗakin, sannan ya shigo, ya ja kujera, ya ɗora hannu a kan gawa ya lumshe ido. Abin da Auta ya yi daga nan shi kansa bai shirya ba, kuma ya fi kisan nauyi a wuyansa. Ya sa hedifon a kunne, ya danna albam ɗin daga farko, ya matsa da kujerarsa ya manna gwiwa a ƙasan tebur, da niyyar duk inda ganga ta buga a kunnensa ya buga da gwiwar. Tebur zai kai wa Durowa, Durowa ta kai wa tafin Yaya.

Sai dai waƙa ta farko ba ta da ganga. Bai san abin da zai yi da minti huɗun nan ba, ga tsoro, ƙafarsa kuwa dama rawa take yi don kanta. Sai ya bar ta ta yi, ya riƙa bin gogen da ita, inda ya taso ya ƙara matsawa, inda ya lafa ya sassauta. Yaya bai ɗage hannu ba. Haka aka tafi har waƙa ta tara, minti hamsin da biyu, gumi ya jiƙa bayan rigar Auta. Da aka gama Yaya ya buɗe ido ya ce, a hankali yadda ya saba, yau ta farkon ta yi magana. Auta ya yi murmushi ya ce ɗan gyara ya yi mata. Ya faɗi haka ne a gaban idon da ke karanta leɓensa.

Haka aka maimaita Lahadi ta biyu. Abin kunya, tsakanin mako har atisaye ya riƙa yi, yana koya wa gwiwarsa inda za ta shiga da inda za ta huta. Ta kumbura. Malama ta ɗaure masa ita da bandeji. Ta kuma daina shigar da shayin, sai ta ajiye a bakin ƙofa ta koma, ta ce ita ba za ta iya haɗa ido da Yaya ba.

Lahadi ta uku, da aka gama ta tara, Yaya bai ɗage hannu nan da nan ba. Ya shafa katakon, ya ɗaga hannun tagullar ya sake shi ya faɗi. Ya miƙe, ya mayar da kujera inda take, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo.

"Kunne na rasa, Auta, hancina yana nan. Daga nan inda nake tsaye na ji ƙaurinta ranar farko, duk da turarenka. Sati uku ina zuwa ina ba ka hannuna, ina jira ka faɗa mini."

Auta ya buɗe baki. Yaya bai tsaya ya karanta ba, ya juya baya ya fita, kuma mutum irinsa in ya juya maka baya magana ta ƙare. Lahadi uku ke nan ba wanda ya ja kujerar. Yanzu a shago Yaya yake yini har ranar Lahadin.

Sau biyu Auta yana zuwa shagon. Na farko ya hango mutane a ciki suna jiran kayansu, ya tuna cewa neman gafara ba a yin sa da ihu ko da nuni a gaban jama'a, ya tsaya a tsallaken titi kusa da mai sayar da rigar waya har ƙafarsa ta gaji, ya koma. Na biyu ya shiga. Yaya yana sunkuye a bayan wata talabijin, bai ɗago ba. Ko ya ga inuwar a kan benci ko bai gani ba, Allah ne masani. Auta ya tsaya yana kallon furfurar da ke ƙeyar wansa, ya rasa ƙarfin taɓa kafaɗarsa, ya fita. Shi ya sa sanarwar nan ta yi tsawo haka. Yaya ba ya ji, amma yana karatu, kuma ba ya tsallake layi.

Marigayiya ta rasu ta bar amfilifaya ɗaya, abokiyar zamanta, mai jan ɗigo a goshi, wadda aka yi komai a kan idonta. Ta bar wayoyi biyu, ja da baƙa, da har yanzu suke riƙe da ita, da tebur wanda aka sa shi shaidar zur ba da son ransa ba. Ta bar manyan sifiku biyu da ba su ma san an yi rasuwa ba. Jiya Auta ya saka musu waƙa ta biyar, wadda Yaya ya ce ta cika tsawo, suka ce ta yi daidai. Ta bar telan jikin katanga, wanda ya leƙo ya tambaya ko lafiya ya ji shiru, ya ce shi ya saba taka keke a kan dum-dum ɗin nan, yanzu ɗinkinsa karkacewa yake yi. Ta bar gwiwa ɗaya, mai laifi ta biyu, tana samun sauƙi. Ta bar albam mai waƙa tara, an gama shi an kasa sakinsa, don ƙa'idar ɗakin ba ta canza ba: abin da bai bi ta hannun Yaya da gaskiya ba ba ya fita. Ta kuma bar mutum biyu da ba su da wani wurin hira in ba a jikinta ba, abin da ɗayansu bai gane ba sai da ya ƙona ta.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce wa Auta kwana ne ya ƙare. Bai ƙare ba, ƙarar da shi aka yi. Kada kuma a ce ai sifika ce, a nemi wata. Wani abokin sana'a ya riga ya kawo shawarar wata na'ura da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana girgiza da kiɗa, an gode masa ƙwarai. Ba rashin na'ura ne ya hana Yaya zuwa ba.

Za a yi jana'izarta ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfe biyu na rana. Auta ne zai ɗauke ta da hannun tagullarta, a ƙafa, daga ɗakin aiki zuwa shagon Yaya, ta babban titi, ba a cikin jaka ba, don kowa ya gani. Za a kwantar da ita a kan bencin da aka haife ta. Yaya ne kaɗai zai buɗe ta, in ya yarda ya buɗe. In ya ga da sauran rai a cikinta, shi ya sani. In babu, za a cire sifikar da baƙin yadin, a goge katakon, a kai ta gidansa a mayar da ita cikin giɓin kabad ɗin mahaifiyarsu, da ramin da ke ƙasanta, da siffar yatsun da ke jikinta. Ba za ta ƙara riƙe zare ba, amma za ta rufe wurin. In kuma Yaya bai ɗago kai ba, Auta zai tsaya da ita a hannu har a rufe shago, ya dawo wata Lahadin. Ba za a saka kiɗa ba.

Mai sanarwa: Auta, a madadin kansa, don ba wanda ya taya shi.

Gyara. Kafin a manna wannan sanarwa, Malama ta ɗauke ta daga kan tebur ba da sanin mai ita ba, ta kai shago, ta ɗora a kan talabijin ɗin da Yaya ke gyara. Ta ce ya sa tabarau ya karanta daga sama har ƙasa, ya koma wani wuri ya sake karantawa, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne. Takardar ta dawo da alama uku. Inda aka ce ƙofar mota, ya rubuta cewa ta babbar mota ce, a riƙa tambaya kafin a rubuta. Inda aka ce waƙa ta farko don mahaifiyarsu aka yi, ya ja layi a ƙasa, bai rubuta komai ba. Layin ƙarshe na jana'iza kuma ya soke shi, ya rubuta a gefe: "Ka zo da ta farkon. Ka zo da gwiwar, ba tebur a tsakani."

Saboda haka za a yi kiɗa. Lokaci da wuri ba su canza ba. Auta zai zauna a kan benci da hedifon a kunne, Yaya zai ɗora tafinsa a kan gwiwar, marigayiya tana kwance a gefensu. Masu halarta su yi haƙuri su tsaya shiru. Minti huɗu ne, ba za su ji komai ba.